Illolin da Ke Kashe Na'urorin Sola a Karkara: Nazari a kan Hisabin Tsarawa da Hanyar Gano Matsala

  

Muƙaddima

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan ƙasar Hausa a 'yan shekarun nan, ko ta ɓangaren Nijeriya ko ta ɓangaren Nijar, ba zai rasa ganin farantan sola bisa rufin masallatai da ɗakunan shan magani da shagunan cajin waya ba, kuma sababin yawaitarsu bai ɓuya ga kowa ba: tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, ciyar da janareta ya gagari talaka, a watan Agustan 2023 aka yanke wutar da Nijeriya ke tura wa Nijar, sa'an nan a watan Oktoba na 2024, da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da dama suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Shi kuwa ilmin kansa ba baƙo ba ne gare mu, domin marigayi Farfesa Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin binciken makamashin rana na Nijar tun daga 1969, kuma an kafa Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato a 1982.

Abin baƙin ciki shi ne, da yawa daga cikin waɗannan na'urori, waɗanda aka kashe wa dukiyar jama'a ko gumin mai gida, aka kuma yi alkawarin za su shekara goma suna aiki, ba sa cika shekara biyu sai ka tarar farantan suna nan garau a kan rufi, amma ungozoma ta koma karɓar haihuwa da fitilar waya. Da'awar da nake son in kafa wa hujja a gabanku ita ce, a galibin lokuta batir ne ke fara mutuwa, kuma sababin mutuwarsa tun ranar da aka sayi kaya ba tare da an zauna an yi hisabi ba aka ƙulla shi. Mai gyaran da bai fahimci wannan ba kuwa zai yi ta canja batura har aljihun mai kaya ya ƙare, illar tana nan inda take.

Fasali na farko: rana da sharuɗɗanta

Allah Ya hore wa ƙasarmu rana, har ana ƙiyasta cewa a tsakanin Kano da Sakkwato da Damagaram matsakaicin abin da ake samu ya kai daidai da sa'o'i 5.5 zuwa 6.5 na cikakken haske a wuni. Sai dai wajibi ne mai tsarawa ya san cewa lambar da aka buga a bayan faranti, alal misali wat 300, an auna ta ne a ɗakin gwaji, inda hasken ya kai wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, zafin farantin kansa kuma bai wuce digiri 25 ba. Alhali ɗabi'ar farantin silikon ce ya rasa kimanin kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri guda da ya ƙaru, kuma a tsakar ranar bazara, musamman idan an manna shi jikin kwano ba a bar masa ratar shan iska ba, zafinsa kan haura digiri 60. Wato kafin a zo maganar ƙura, farantin wat 300 ya riga ya koma na 250 ko kusa da haka.

Ita kuwa ƙurar hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Hamada, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi, cutarta biyu ce: tana rage hasken tun yana sama, tana kuma kwantawa a kan gilashi, har farantin da aka bari makonni ba wanki ya iya rasa kashi 20 cikin ɗari ko fiye. A wanke shi da sassafe da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, kada a watsa masa ruwan sanyi da rana tsaka gilashin yana zafi. A fuskantar da shi kudu, a karkata shi digiri 10 zuwa 15, gwargwadon yadda Kano take a kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, domin ruwan sama ya riƙa gangarewa da datti. Akwai kuma wani abu da masu kafawa kan manta da shi: daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen tsakiyar Agusta rana tana ratsawa ta arewa da kanmu, saboda haka tankin ruwa ko darbejiyar da ba ta yi wa faranti inuwa ba a watan Janairu tana iya rufe shi a watan Yuni, kuma inuwar da ta faɗa kan ɗan yanki kaɗan tana raunana dukan farantan da ke jere guda.

Fasali na biyu: hisabi kafin saye

Bari mu ɗauki misalin ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye, mu bi lissafinsa daki-daki, domin a nan ne mas'alar take. A ce yana da ƙwan fitila 10 masu wat 10, suna ci sa'o'i 6, wat-awa 600 ke nan. Fanka 2 masu wat 60 na sa'o'i 8, wat-awa 960. Ƙaramin firji mai wat 100 wanda injinsa ke juyawa kamar sa'o'i 12 a wuni da kwana, wat-awa 1,200. Cajin waya da ƙananan na'urori, wat-awa 240. Jimilla 3,000. Mafi yawan masu lissafi a nan suke tsayawa, alhali inbata, wadda ke juya wutar batir zuwa irin wutar da kayan gida ke sha, tana cinye kusan ushirin abin da ya ratsa ta, sa'an nan ko ba a kunna komai ba tana da nata cin, wanda idan ya kasance wat 25 ne, a sa'o'i 24 ya zama wat-awa 600, daidai da abin da dukan fitilun asibitin suka sha. Haƙiƙanin buƙata ke nan ta kusa wat-awa 4,000.

To, me ɗan kasuwa ko ɗan kwangila ya saba kawowa irin wannan wuri? Baturan dalma biyu masu bolt 12 da amfiya-awa 200, da faranti biyu masu wat 300. Baturan nan biyu a rubuce suna ɗauke da wat-awa 4,800, amma ƙa'idar batirin dalma ita ce kada a sha fiye da rabinsa idan ana son ya daɗe, saboda haka abin da ya halatta a taɓa 2,400 ne kawai, wanda ko buƙatar dare ɗaya da ƙyar ya ɗauka, balle a wayi gari da hadari. Su kuwa farantan, idan muka yi ihtiyaɗi muka ɗauki sa'o'i 4.5 na haske don lokacin marka, tun da da watan da ya fi ƙarancin rana ake hisabi, muka kuma cire kashi 30 cikin ɗari na asarar zafi da ƙura da waya da caji, abin da za su tara bai kai wat-awa 1,900 ba, wato ƙasa da rabin abin da ake sha. Irin wannan na'ura tun daren farko take cikin gibi, kuma babu wani gwanin gyara da zai iya fitar da ita.

Abin da hisabi ya hukunta shi ne batura 8, a jera su huɗu-huɗu a kan bolt 48, su ba da wat-awa 9,600 da za a iya sha, abin da zai riƙe wurin kwana biyu ko rana ba ta fito ba. Ko kuwa batirin litiyam guda mai bolt 48 da amfiya-awa 200, wanda yake jure a sha kashi 80 cikin ɗari nasa. Game da faranti, wat 1,300 zai mayar da abin da aka sha a wuni, amma ba zai biya bashin kwanakin hadari ba; kuma da yake batirin dalma yana son a cika shi da ƙarfin da ya kai kamar ushirin girmansa, wato amfiya 40 ga wannan jeri, sai an kai wajen wat 2,000 kafin al'amari ya daidaita. Daga nan za a gane kuskuren mai gidan da, in wuta ta fara ɗaukewa da tsakar dare, yakan ƙaro batura ya bar farantan yadda suke: ya ƙara bakunan ci ne, abincin kuwa bai ƙaru ba. Wanda kuɗinsa bai kai ba, maslaharsa ita ce ya rage kayan da zai kunna, ya sayi ƙaramar na'ura wadda sassanta suka dace da juna.

Dalilin fifita bolt 48 a kan 12 kuwa a bayyane yake ga wanda ya san hisabi: kayan da ke shan wat 1,000 suna jan amfiya 83 a kan bolt 12, amma amfiya 21 kacal a kan bolt 48, kuma zafin da ke ɓacewa a waya yana ninkuwa huɗu duk lokacin da amfiya ta ninku biyu. A kuma tuna cewa injin firji da na famfo suna jan ninki uku zuwa bakwai na ƙarfinsu a lokacin tashi, don haka da wannan ake auna girman inbata.

Fasali na uku: yadda batir ke mutuwa

Batirin dalma, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙira a 1859, yana aiki ne ta hanyar mu'amala tsakanin allunan dalma da ruwan asid: idan ana shan wuta, wani farin gishiri yana taruwa a jikin allunan, idan kuma aka cika shi sai gishirin ya narke ya koma cikin ruwa. Matuƙar ana cika shi sosai a kai a kai, wannan juyi yana tafiya lafiya. Amma idan ya yi kwanaki yana kai-komo tsakanin rabi da ƙasa da rabi, bai taɓa ƙoshi ba, sai gishirin ya daskare ya ƙi narkewa, girman batirin ya yi ta raguwa ba tare da ido ya gani ba. Misalinsa kamar raƙumin ayari ne da ake ɗora wa kaya kullum ana ba shi rabin harawa: zai yi ta tafiya har a zaci lafiya lau yake, ranar da ya durƙusa kuwa ba ya sake tashi. Alamar wannan illa ita ce batir ya nuna ya cika da hantsi, sa'an nan ya faɗi jim kaɗan bayan isha'i.

Abokin gaba na biyu zafi ne. Sananne ne a wurin masana cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwar batirin dalma biyu, kuma mu a nan ɗakin kwano marar taga yana kaiwa digiri 40 a watan Afrilu. Ga shi kuwa batir mai zafi yana buƙatar a ɗan sassauta masa bolt ɗin caji, in ba haka ba ruwansa ya ƙone. Ɗakin ƙasa mai kauri, mai tagogi biyu da iska ke ratsawa, ya fi masa ɗakin siminti da aka ƙawata, kuma iskar tana da wata fa'ida, domin batir mai ruwa yana fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. Idan ruwansa ya ja baya, tataccen ruwa kaɗai ake ƙarawa. Ruwan rijiya da ƙarin asid duka ɓarna ne.

Batirin litiyam mai sinadarin ƙarfe da fosfet ya rage wasu daga cikin waɗannan wahalhalu, tun da zama a rabi ba ya cutar da shi, kuma yana jure dubban juyi. Amma shi ma zafi yana tsufar da shi, kuma rayuwarsa ta rataya ne a kan ɗan allon da ke cikinsa mai tsaron kowane ɗaki na batirin, da kuma saita kwantirola, wadda ke tsara cajin batir daga faranti, da inbata daidai da shi, domin cajin daidaitawa mai ƙarfi da ake yi wa batirin dalma haramun ne a kansa. Ya isa hujja a kan raunin batir cewa masu kula da allurar rigakafi, wadda dole ta zauna tsakanin digiri 2 da 8, sun koma ga firjin da ke shan wuta kai tsaye daga faranti yana ajiye sanyi a cikin ƙanƙara, haka nan famfon sola nagari a tanki yake ajiye ruwa. Duk inda za a iya kauce wa batir, ra'ayina a kauce masa.

Fasali na huɗu: tertibin gano matsala

Mai gyara na ƙwarai da tambaya yake farawa kafin ya buɗe jakar kayan aiki: yaushe abin ya fara, a hankali ya zo ko farat ɗaya, kuma me aka ƙara a gidan? Sau da yawa amsar tana nan, domin an sayo firiza, ko ana guga da dutsen lantarki, ko maƙwabci ya ja waya. Illar da ta zo a hankali galibi ta batir ce ko ta ƙura. Wadda ta zo farat ɗaya kuwa a nemi fis da ya ƙone, ko waya da ta kwance, ko ɓarnar tsawa in damina ce, musamman inda ba a binne sandar ƙasa ba.

Bayan tambaya sai duba da ido da taɓawa da hannu, a hau rufi a ga ƙura da inuwa da tsagewar gilashi, a sauko a shafa kawunan batura da mahaɗan waya lokacin da kaya ke aiki, domin duk mahaɗar da ta yi zafi ta saki ko ta yi tsatsa. Sa'an nan a ɗauko mita. Da asuba, bayan an kashe komai batir ya huta, mai bolt 12 idan cike yake zai nuna 12.6 zuwa 12.8, idan rabi ne wajen 12.1 ko 12.2, abin da ya gaza 11.8 kuwa an zurfafa shansa ƙwarai. Amma kada a wadatu da auna jerin gaba ɗaya. A kunna kaya a auna kowane batir shi kaɗai, saboda sau da yawa guda ɗaya ne ya mutu yake jan 'yan'uwansa ƙasa, kuma za a gan shi ya faɗi wajen bolt 10.5 alhali sauran suna sama da 12, alamar ɗaya daga ɗakunansa shida ya lalace. Idan mai ruwa ne, ma'aunin kaurin ruwa ya fi mita gaskiya. A nan ne ya kamata a bincika ko an ja wata waya daga batir guda a cikin jeri don cajin waya ko fitilar waje, ko an gauraya sabo da tsoho, domin duka biyun suna hana jeri daidaita.

Da rana tsaka sai a koma ga kwantirola a ga amfiya nawa ke shiga, a gwada da abin da hisabi ya ce. In ya yi ƙasa, a raba farantan a auna bolt da amfiyar kowanne a gwada da abin da ke rubuce a bayansa. A kuma auna bolt a bakin faranti da a bakin kwantirola, in bambancin ya wuce kashi 3 cikin ɗari, waya ta yi siriri ko ta yi tsawo. A duba ko batir yana kaiwa bolt 14.4 ya zauna a nan sa'o'i biyu ko uku. In ba ya kaiwa, an gano asalin illa. A duba nau'in kwantirolar ma: mai araha, wadda ake kira PWM, tana janyo bolt ɗin faranti ƙasa zuwa na batir, saboda haka in aka haɗa ta da babban faranti mai bolt 30 ko fiye a kan batir mai bolt 12, fiye da rabin ƙarfin ya tafi a banza, alhali MPPT tana juya rarar ta zama amfiya. Ita kuma MPPT tana da iyakar bolt da take ɗauka, kuma bolt ɗin faranti yana hawa da sanyi, don haka wanda ya jera faranti har bakin iyaka a watan Afrilu yana iya ƙona ta da sanyin safiyar Janairu. Ƙa'idar da ba a saɓa wa ita ce, wajen haɗawa batir ake fara sa wa kwantirola kafin faranti, wajen kwancewa kuma faranti ake fara cirewa. A ƙarshe a duba inda aka saita inbata ta yanke wuta, domin da yawa suna zuwa a kan bolt 10.5 ga kowane batir, wanda kariya ce ga inbatar, amma halaka ce ga batirin. A ɗaga shi zuwa wajen 11.8, ko da mai gida zai yi ƙorafin wuta na ɗaukewa da wuri.

Fasali na biyar: algus da amana

Duk wannan hisabi yana rushewa idan lambobin da ke jikin kaya ƙarya ne, kuma kasuwanninmu ba su kuɓuta daga wannan ba: akwai faranti da aka canja wa takarda, da batir da aka rage wa dalma, da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, da tsofaffin ɗakunan litiyam da aka sa wa sabuwar riga. Mai saye yana da mizani biyu masu sauƙi. Farantin zamani yana ba da kimanin wat 200 a kan kowace murabba'in mita, saboda haka wanda girmansa murabba'in mita guda ne aka rubuta masa 350, tef ɗin awo ya isa ya ƙaryata shi. Batirin dalma mai amfiya-awa 200 na gaskiya kuwa nauyinsa yana kaiwa kilo 55 zuwa 65, wanda bai kai ba a ɗora shi a sikeli a mayar wa mai shi. Araha ba ta ado. Malamanmu sun san irin gargaɗin da Suratul Muɗaffifina ta yi wa masu tauye mudu, kuma ban ga bambanci tsakanin tauye mudun gero da tauye amfiya ba. Ya kamata a ji wannan daga kan mumbari, hukumar kula da ingancin kaya kuma ta shiga kasuwa da ma'auni.

Akwai kuma mas'alar mataccen batir, wanda ake fasawa a bayan gida a zubar da ruwansa a ƙasa a narka dalmarsa a fili. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu sanadin dalmar da ke cikin duwatsun zinariya, bai kamata a sake yi mana bayanin haɗarinta ba.

Saboda haka ina kira ga Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, da ma'aikatun lafiya na jihohi, da masu hannu da shuni da ke kafa sola a masallatai da asibitoci a matsayin sadaka mai gudana, da kada su biya kuɗin kowace kwangila sai an gabatar musu da hisabin kaya a rubuce, an kuma ware kuɗin kulawa da na canjin batir tun daga farko, an horar da mutum guda daga cikin 'yan garin wanda zai riƙa wanke faranti yana rubuta bolt ɗin asuba a littafi. Ku kuma malaman kwalejojin fasaha da ke zaune a nan, yaran da ke hawa rufi suna haɗa waɗannan na'urori yawancinsu a bakin aiki suka koya, kuma da Hausa suke tunani. Ku rubuta musu wannan hisabi da Hausa, ku buɗe musu ajin yamma, ku ba kowannensu mita ya iya karanta ta kafin a ba shi shaidar ƙwarewa.